Idon Kyamara a Gaɓar Tsibirin Asenshan

A tsakiyar Tekun Atlantika akwai tsibirin Asenshan, mazaunin wani tsuntsun teku da ake kira firiget. Faɗin fikafikansa ya kai kimanin mita 2, amma gashinsa yana jiƙewa, don haka ba ya sauka kan ruwa. Wafce kifi yake yi daga saman igiya yana tashe. Ido ba ya iya bin wannan zafin nama. Sai mai ɗaukar hoto ya sa kyamara ta ƙifta cikin kashi 1 bisa 1,000 na daƙiƙa, sa'an nan tsuntsun da feshin igiyar su fito tsaf.

Sai dai aikin yana bukatar hattara. Kyanwoyin da aka kai tsibirin a 1815 sun kore tsuntsayen zuwa wani dutse a cikin teku. An tabbatar da ƙarewarsu a 2006, firiget kuwa bai komo ya yi sheƙa ba sai 2012. Ƙwai ɗaya tak macen take sakawa. In mai hoto ya matso ya firgita ta, zafin rana yana iya lalata shi. Shi ya sa ake ɗaukar hoton daga nesa.