Keken Dattawa Mai Batir: Abubuwa 14 Masu Ban Mamaki Kafin Ka Saya Wa Tsohonka

Duk wanda ya taɓa raka dattijo filin jirgin sama ya san inda gizo ke saƙa. Zaman cikin jirgi mai sauƙi ne. Doguwar tafiyar ƙasa daga wurin awon kaya zuwa ƙofar shiga ita ce ke karya gwiwa. Shi ya sa ƙaramin keken nan mai batir, mai kujera da sitiyari, wanda ake naɗewa a sa a but, ya zama abokin tafiyar tsofaffi a ƙasashe da yawa. Ga kaɗan daga cikin labaransa, wasu na dariya, wasu kuma za su cece ka daga asarar kuɗi.

1. Mai aikin famfo ne ya ƙera shi

A 1968 wani mai aikin famfo, Allan Thieme, mazaunin garin Bridgeport a jihar Mishigan ta Amurka, ya ga ciwon jijiyoyi yana neman zaunar da wata 'yar gidansu wuri ɗaya. Sai ya shiga garejinsa ya haɗa mata keke mai ƙafa uku da batir, ya sa masa suna Amigo. Kamfanin da ya kafa yana nan a garin har yau.

2. Kakanninsa sun daɗe a duniya

Tun 1655 wani mai gyaran agogo a Jamus, Stephan Farffler, wanda ƙafafunsa ba sa aiki, ya yi wa kansa keke mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu. Dabarar naɗewa kuwa sai 1933 ta zo, lokacin da Harry Jennings ya ƙera wa abokinsa Herbert Everest, wanda haɗarin mahaƙar ma'adinai ya nakasa, keken ƙarfe da ke lanƙwashewa ya shiga mota.

3. Zomo da kunkuru ne ma'aunin gudunsa

Dubi kan sitiyarin, za ka ga ɗan maɓallin murzawa. A kekuna da yawa babu lamba ko ɗaya a jikinsa: hoton kunkuru ne a gefe guda, hoton zomo a ɗaya gefen. Ko da wane yare kake ji, ka gane saƙon. Sai dai zomon nan ma ba wani gudu yake ba, domin yawancin kekunan tafiya ba sa wuce kilomita 6 zuwa 8 a awa. A cikin cunkoso, kunkuru ake bi. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

4. Ba a taka masa birki

Ƙafa ba ta da aiki a kansa. Da yatsa ake danna wani ɗan hannu ya tafi gaba ko baya, da zarar an saki kuma birkin maganaɗisu ya kama da kansa. Haɗarin yana baya, kusa da taya: akwai wani ɗan liba da ke sake birkin domin a iya tura keken da hannu. Idan aka ja shi a kan gangara alhali mutum na zaune, babu abin da zai tsayar da keken. Wannan ne abu na farko da za a gargaɗi jikoki a kai.

5. A Japan mai tafiya a ƙasa ne, a Ingila har rajista yake da ita

Dokar Japan ta ɗauki wanda ke kan irin wannan keke a matsayin mai tafiya a ƙasa, muddin gudunsa bai wuce kilomita 6 a awa ba. A Ingila kuwa kashi biyu ne. Ƙaramin iyakarsa mil 4 a awa, gefen titi yake bi tare da mutane. Babban yana kai mil 8, kusan kilomita 13, yana hawa kwalta, dole a yi masa rajista, ya kuma samu fitilu da hon da madubi. Abin mamakin, ba a neman lasin tuƙi ko kaɗan, sai dai shekarun matuƙi su kai 14.

6. Wani ya yi gudun kilomita 173 a awa

A 2014 wasu makanikai biyu a tsibirin Man, David Anderson da Mathew Hine, sun dasa wa keken dattawa injin babur, ya zura kilomita 173 a awa, suka shiga kundin Guinness. Don Allah kada Baba ya ji wannan labari.

7. Lamba 300 ce ke yanke hukunci a filin jirgi

Nan ne masu saye da yawa ke faɗawa rami. Ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ita ce batirin litiyam da ake cirewa daga keke kada ya wuce 300 Wh. Juya batirin ka karanta takardar da ke manne a jikinsa. Idan ba a rubuta Wh ba, za ka ga lambobi biyu, ɗaya da V, ɗaya da Ah. Ninka su kawai. Batir mai 24 V da 12 Ah ya ba da 288, ya tsallake da ƙyar. Mai 24 V da 20 Ah kuwa 480 ke nan, ya zarce iyaka nesa ba kusa ba. Batirin ajiya ma yana da ƙa'ida: guda ɗaya da bai wuce 300 ba, ko biyu da kowanne bai wuce 160 ba. Wasu kamfanonin sun fi haka tsanani, saboda haka a tambaya kafin a biya kuɗin tikiti. Idan takardar jikin batirin ta goge, ma'aikaci na iya ƙin karɓarsa.

8. Keke a ƙasa, batir a hannu, kuma sai direban jirgi ya sani

Da an cire batirin, ba ya bin keken zuwa ɗakin kaya. Ana rufe bakin wayoyinsa, a sa shi a jaka mai kariya, fasinja ya shiga da shi ciki. Dalili shi ne idan litiyam ya kama wuta, gara a gaban ma'aikata da a inda ido ba ya kai wa. Ƙa'ida ta ce har direban jirgin sai an sanar da shi inda batirin yake.

9. Kyauta yake hawa, amma ƙofa na iya hana shi

Dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta wajabta wa kamfanoni ɗaukar kayan taimakon tafiya har guda biyu ba tare da ƙarin kuɗi ba, da sharaɗin a sanar da su awa 48 kafin tashi. A Amurka ma ba a lissafa keken cikin kayan fasinja. To amma kyauta ba ta faɗaɗa ƙofa. Ƙofar ɗakin kayan jirgin Boeing 737 tsayinta bai kai mita ɗaya ba, don haka keken da kujerarsa da sitiyarinsa ba sa kwantawa sai a kifa shi a gefe, daga nan kuma lalacewa ke farawa. A manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido ma haka: galibi ba a yarda a bar keke a baranda ba, dole ya shige ta ƙofar ɗaki.

10. Sama da 11,000 a shekara ɗaya

Alƙaluman ma'aikatar sufurin Amurka sun nuna cewa a 2023 kaɗai kamfanonin jiragen ƙasar sun lalata, ko sun ɓatar, ko sun makarar da kekunan masu lalurar tafiya fiye da 11,000. A tafiyar ƙasa da ƙasa kuma, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta sa wa diyyar kaya iyaka, wadda a yanzu take wajen dala 2,000, alhali keke mai kyau na iya fin haka tsada. Maganin: ɗauki hotonsa ta kowane gefe kafin ka miƙa, cire makulli da kwando, manna takardar yadda ake naɗe shi, kuma in ka ga illa ka kai ƙara tun kafin ka bar filin jirgin.

11. Wanda zai ɗaga shi ya fi mai hawansa sanin nauyinsa

Iri biyu ne a kasuwa. Mai naɗewa dunƙule yake, galibi kilo 20 zuwa 30, kuma duka za ka ɗaga lokaci guda. Mai warwarewa yana rabuwa gida huɗu ko biyar, jimillarsa ta fi nauyi, amma ɓangare mafi nauyi bai cika wuce kilo 15 ba. Idan Alhaji da Hajiya su biyu kaɗai ke tafiya, tambayar ita ce wa zai sa shi a but. Akwai ma wanda ke naɗe kansa da rimot, amma shi ma ba ya ɗaga kansa. Kuma kowanne yana da iyakar nauyin da yake ɗauka, yawanci tsakanin kilo 110 da 135, har da jakar hannu.

12. Ƙafa uku gwanin lungu, ƙafa huɗu gwanin gargada

Mai ƙafa uku yana juyawa a ƙaramin wuri, ya dace da lif da otal da asibiti, ga sararin miƙe ƙafa. Mai huɗu ya fi tsayuwa da gindinsa a kwana da gangara. Dukansu dai 'yan daɓe ne: tayoyin ƙanana, cikin keken kuma santimita kaɗan ne tsakaninsa da ƙasa. Rairayi, tsakuwa da bakin kwata duk abokan gabansa ne. Nisan da aka rubuta a kwali ma, kilomita 15 ko 20, a shimfiɗaɗɗen daɓe aka gwada shi. Hawa tudu da nauyin jiki da tsufan batir duk suna rage shi. Kada kuma a bar batirin a mota cikin rana, zafi na cinye ƙarfinsa.

13. A Makka ba sai ka je da naka ba

Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau 7 ya kai wajen kilomita 3, ban da ɗawafi. Don haka Masallacin Harami ya tanadi ababen hawa masu lantarki na haya, da bene na musamman da suke bi don kada su cakuɗu da masu tafiya a ƙasa. Ibada a kan abin hawa kuwa tana da asali: ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi ɗawafi a kan raƙumi, ya kuma umarci Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi ɗawafi a kan abin hawa lokacin da ba ta da lafiya. Maniyyacin da buƙatarsa ba ta wuce Harami ba, haya ta fi masa sauƙi da jigilar keke daga Kano ko Yamai.

14. Garin da masu ƙafa suka ƙwace wa tsofaffi keke

A Benidorm, garin shaƙatawa na bakin teku a Sifaniya, matasa lafiyayyu sun mai da hayar keken dattawa abin wasa, suna tsere da shi a kan hanya. Har sai da hukumar garin ta hana bai wa wanda bai kai shekara 55 ba haya, sai in yana da shaidar lalura.

Idan ka tashi saye, manta da launi da hoton kwali. Nemi lambobi uku: ƙarfin batir, nauyin ɓangaren da za a ɗaga, da faɗin keken. Tambayi mai sayarwa ko ana samun batir da caja da taya a kusa, domin keken da babu kayan gyaransa ya zama kujera. A kuma ji ta bakin likita, tunda tuƙin yana buƙatar gani mai kyau da hannu mai ƙarfi da iya zama daram. Sannan ka kai mai hawan ya zauna a kai da kansa, ya juya, ya ja baya, ya sauka ba tare da an riƙe shi ba. In ya ce bai yi masa ba, a bar shi a shago.