Maki Nawa Zai Kai 'Yarki Bakori?

Ya ke uwar yara ta Zakka, kin sha jin mata suna kintacen makin da zai shigar da yarinya Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Bakori. Wata ta ce sittin ya isa. To, ga asalin sittin ɗin nan. A 2013 an yanke wa jihar Katsina maki 60 cikin 200, Kano 67, Anambra kuwa har 139. Amma layin ba ya zama wuri ɗaya. Sai hukumar NECO ta gama duba takardu, an ga yawan yara da yawan gurabe, kana a ja shi. Kuma kashi 60 cikin 100 na gurabe na zakarun ƙasa duka ne, rabon jihohi kashi 30 kacal.

Saboda haka in 'yarki tana aji shida, samo mata tambayoyin shekarun baya, ta amsa da agogo a gabanta, malaminta ya duba. Abin da ta ci, rage goma saboda fargabar ranar jarrabawa. In ya kasa rabi, a ɗauke mata tallan yamma, a ƙara lissafi da Turanci.