Me ya sa kifin Matan Fada yake girma haka?

A zamanmu na ƙungiyar 'yan jarida wani ɗan aji biyu ya jefo mana tambayar da ta hana mu tashi da wuri. Ya ce ga Gulbin Kabi nan ya ratsa Argungu ya gangaro Birnin Kebbi, ruwa ɗaya ne, to me ya sa sai a Matan Fada ake fito da giwan ruwa wanda ya fi wasunmu nauyi? Shi ne muka ga ya dace mu kafe amsar a wannan allo.

Amsar a taƙaice ita ce hutu. Yankin Matan Fada, mai tsawon kusan mil ɗaya, a rufe yake duk shekara. Ba a jefa homa a ciki, ba a ja taru, har sai ranar da aka buɗe shi. Wannan doka ba daga Abuja ta zo ba, kuma ta girmi jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991. Doka ce ta Kabawa masunta, tana hannun Sarkin Ruwa da mutanensa, a ƙarƙashin masarautar Argungu. Su ke sa ido a kan gulbin, su ke cewa an buɗe ko an rufe. A al'adar Kabawa akwai gyaran ruwa, akwai kuma fashin ruwa, wato ranar da ake ba masunta izinin shiga. Kafin ranar nan, wanda ya shiga ya yi laifi, kuma a garin da kowa ya san gidan kowa laifi irin wannan ba ya ɓoyuwa.

Malamanmu na kimiyya za su gane hikimar nan da nan. Idan damina ta kankama ruwa ya malala cikin fadama, yawancin kifayenmu, irin su tarwaɗa da karfasa, sukan bi shi su yi ƙwai a cikin ciyawa, inda ƙananan ke samun abinci da maɓoya. Idan rani ya yi ruwa ya janye, sai su koma su taru a gurabe masu zurfi. A lokacin ne kama su ya fi sauƙi, a lokacin ne kuma aka fi iya ƙarar da su. Gurbi ɗaya da aka bari lafiya shi ke riƙe manyan iyaye, su kuma su cika sauran gulbin da 'ya'ya a damina mai zuwa. Giwan ruwa sai ya yi shekaru kafin ya zama ƙato. Wanda ya ci gasar 2020 ya kai kilo 78. Da an kama shi yana ɗan tsako, da miyar dare ɗaya kawai zai yi.

Ku lura kuma da kayan da ake shiga da su ranar gasa: homa da gora. Lokacin ma ƙayyadadde ne, kamar awa guda, sai a fito. Dubban mutane ke faɗawa, amma ba sa share ruwan ƙarƙaf kamar yadda raga mai ƙananan idanu take yi.

Bikin a yadda muka san shi ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya kamun kifi domin karrama shi bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Baƙi sukan kalli ganguna da tseren kwale-kwale da wasannin Kabanci. Mu a ganinmu aikin da ya fi nauyi shi ne na sauran kwanakin shekara da babu mai ɗaukar hoto. Ita ma ƙasar Ghana a 2019 ta hana masu kwale-kwale fita teku na wata guda don kifi ya hayayyafa, abin da kakanninmu suka daɗe suna yi ba tare da takarda ba.

Sai dai ikon Sarkin Ruwa yana da iyaka. Yana iya hana masunci shiga, amma ba ya iya ƙara ruwa a gulbi. Tun da aka gina madatsar Bakolori a kogin Sakkwato da ta Goronyo a kogin Rima, zuwan ruwa fadamarmu ya dogara da sakin da aka yi daga can sama. Bayan bikin 2009 sai da aka kai 2020 kafin a sake yin wani, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka ambata, tare da matsalar tsaro. Ga noman shinkafa na rani da ya bunƙasa, musamman bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a nan Birnin Kebbi a 2015. Ba ma kushe shi, da kuɗin shinkafar ake biya wa da yawanmu makaranta. Amma kowane injin ban ruwa daga gulbin yake sha, maganin feshi kuma can yake komawa. Inda aka sare itatuwan gaɓa aka yi noma har bakin ruwa, ƙasa kan zaizaye ta cike gurabe masu zurfi, waɗanda su ne ɗakin kwanan manyan kifaye.

Akwai kuma ɓarnar da ke kusa da hannunmu. Wasu na mayar da gidan sauron da aka raba domin zazzaɓi ragar su, suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon yatsa ba. Wasu na zuba guba a tafki, kifi ya taso matacce, gobe a same shi a kasuwa. Ledojin ruwan da muke yarwa a ƙofar makaranta kuwa, ruwan sama na farko ke kwashe su ta kwalbati zuwa fadama.

Waɗanda gidansu gidan su ne, muna roƙo idan kun je hutu ku tambayi iyaye da kakanni wane gurbi ake rufewa a garinku, wa ke tsaronsa, kuma wane hukunci ake yi wa wanda ya karya. Ku rubuto da sunan gurbin, ku miƙa wa sakataren ƙungiya, za mu kafe a fitowa ta gaba.