Masu Dashe a Bakin Kogin Klamath

A watan Janairun 2024 aka fara sakin ruwan tafkunan da madatsu suka tara a kogin Klamath, wanda ya taso daga jihar Oregon ya ratsa arewacin Kalifoniya a Amurka. Madatsu huɗu ne aka rushe: J.C. Boyle, Copco 1, Copco 2 da Iron Gate. Da ruwa ya janye, sai ya bar fili kusan eka 2,200, laka zalla, ko tsinken ciyawa babu. A cikin wannan laka ma'aikatan dashe na ƙabilar Yurok suka shiga, suna bin ruwa a baya suna watsa iri.

Sun yi shekaru suna shirin wannan rana. Mai wannan sana'a yakan bi tuddai da kwaruruka da buhu a kafaɗa, yana tsinke kan ciyawa da hannu a daidai lokacin da iri ya nuna. In ya makara da 'yan kwanaki, iska ta riga shi. A shanya irin, a sheƙe, a kai gonakin reno a ninka shi, har ya kai biliyoyin ƙwayoyi. Kuma dole ya zama irin yankin, wanda ya saba da ranin wurin da sanyinsa. Gaggawar shukar ma da dalili: ƙasa in ta zauna tsirara, baƙuwar ciyawa ce ke fara mamaye ta, kamar gonar da aka yi wa sakacin noman farko.

Duk wannan wahala don kifin salmon ake yin ta. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya tafi teku ya girma, ya dawo inda aka haife shi ya yi ƙwai. Macen kan tona rami da wutsiyarta a cikin tsakuwa, ta zuba ƙwai ta rufe. In laka ta toshe tsakuwar, ƙwan ya shaƙe. In ruwa ya yi ɗumi, cuta ta kama kifin. Saiwa ce ke riƙe gaɓar kogi, inuwar itace ce ke sanyaya ruwa. Shi ya sa har gungume ake sakawa a rafuka da gangan, don ruwa ya haƙa gurbi mai zurfi inda 'ya'yan kifi za su laɓe.

Mutanen Yurok da maƙwabtansu Karuk ba su manta Satumban 2002 ba, lokacin da kifi sama da 30,000 suka mutu a ƙasan kogin saboda ƙarancin ruwa da ɗuminsa. A ganina wannan ne ya sa masu dashen suke jure wa aikin da sai bayan shekaru masu yawa itacensa zai yi inuwa.

A watan Oktoban 2024, bayan rushe madatsun, aka ga salmon a ɓangaren kogin da ke Oregon, karo na farko tun 1912.