Masuntan Fadama da Gyaran Dokar Kamun Kifi a Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama

Andarai gari ne a ƙaramar hukumar Maiyama ta jihar Kebbi, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Jega ta nufi Koko da Yawuri, kuma ƙasar da yake cikinta tana kwance ne tsakanin Gulbin Zamfara, wanda mutanen Jega suke kira Gulbin Gindi, da Gulbin Ka da ke can kudu. An fi sanin yankin da albasar Aliero da shinkafar fadama da kasuwar Jega, amma a gefen gulaben akwai gidajen da kifi ne mahaɗin tuwonsu, shi ne kuma kuɗin cefanensu a watannin da gona ba ta ba da komai. Irin waɗannan mutane ake nufi da ƙananan masunta, wato masu kamun kifi da kwale-kwale da ƙarfin damtse da jari kaɗan, waɗanda abin da suka kama yake ƙarewa a tukunyar gida ko a kasuwar kusa. Wani babban nazari da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar tare da abokan aikinta a 2023 ya nuna cewa su ke kama kimanin kashi 40 cikin ɗari na kifin da ake kamawa a duniya, kuma kimanin kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a wannan sana'a suna cikinsu.

Kifin wannan yanki ɗan ambaliya ne, kuma wanda bai fahimci haka ba ba zai iya tsara masa doka ba. Idan damina ta kankama gulbi ya cika ya batse, ruwa yakan malala cikin fadama, sai tarwaɗa da ramboshi da ƙurungu da bargi da karfasa su bi shi cikin ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yansu kuma su sami abinci da maɓoya har su yi ƙwari. Da kaka ta yi ruwa ya fara janyewa, wasu sukan koma gulbi, wasu su maƙale a tafkunan da ambaliya ta bari, kuma waɗannan tafkuna su ne rumbun masunci a tsawon rani. Shekarar da ruwa bai hau fadama sosai ba, ko ya hau ya sauka da wuri, kamu yakan ragu a shekarar da ta biyo baya ko da babu wanda ya jefa ragar da doka ta hana.

Tun kafin zuwan Turawa Kabawa da Sarkawa suna da tsarin da ya dace da wannan yanayi. Sarkin Ruwa shi ke da ikon rufe tafki ko wani gurbi mai zurfi na gulbi bayan damina, babu mai taɓa shi sai ranar da aka sa, sa'an nan jama'a su faɗa da homa da gora a yi su, wato kamun gayya na rana ɗaya ko 'yan kwanaki. Bikin Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, wannan tsari ne ya fito fili ya yi ado, domin manyan giwayen ruwan da ake fitarwa daga gulbin Matan Fada ba su girma ba sai don an hana kamu a wurin a sauran shekara. Abin da masana na yau suke kira lokacin hutun ruwa, masuntan Kabi sun daɗe suna aiki da shi ba tare da takarda ba.

Dokar gwamnati ta zo ne ta wata fuska. A 1992 gwamnatin soja ta kafa dokoki biyu, mai lamba 71 don teku da mai lamba 108 don ruwayen cikin ƙasa. A teku an keɓe wa masu kwale-kwale mil biyar na ruwa daga gaɓa, inda aka hana manyan jiragen jan taru shiga, kuma ko da yake masuntan gaɓar Legas da Bayelsa da Akwa Ibom sun daɗe suna kukan ana keta wannan iyaka, aƙalla doka ta amince cewa ƙaramin masunci yana buƙatar wurin da yake nasa. Dokar ruwayen cikin ƙasa ba ta yi wa masuncin fadama irin wannan gata ba. Ta fi mayar da hankali kan lasisi da kayan kamu, ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana yawancin ragogin da idonsu bai kai milimita 76 ba, wato inci uku. Hanin yana da hujja, domin wanda ya zuba maganin ƙwari irin Gamalin a tafki ya kashe uwa da 'ya'ya ya kuma sa lafiyar masu ci cikin haɗari, haka ma mai jan ruwa da gidan sauro yana kwashe kifin baɗi ne tun bai girma ba. Sai dai dokar ta ɗauki masunci a matsayin babbar barazana ga kifi, alhali a fadama abin da ya fi cutar da kifin daga tudu yake zuwa.

Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, da ta Goronyo da ta biyo baya a 1984 a kan Gulbin Rima, sun rage girman ambaliyar da ke sauka, kuma binciken da masanin ƙasa W. M. Adams ya wallafa a 1985 ya nuna yadda kamun kifi da noman fadama suka ja baya a ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori. Gulbin Zamfara a cikin Gulbin Sakkwato yake zubewa, kifi kuma bai san iyakar gulbi da gulbi ba, don haka abin da ya taɓa uwar ruwa yakan taɓa rassanta. Bayan madatsun sai noman rani ya bunƙasa, da farko ta hanyar shirin Fadama na Bankin Duniya da ya yaɗa rijiyoyin burtsatse da injinan ban-ruwa a shekarun 1990, daga baya kuma ta hanyar shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015. Babu mai musun alherin da shinkafa ta kawo wa jihar, kuma sau da yawa masuncin da kansa manomi ne. Amma inji yakan zuƙe tafki kafin ranar su, gona takan cinye bakin ruwan da kifi ke ƙwai, maganin feshi kuma yakan gangaro da ruwan sama. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta san mai gona, tana iya ba shi takardar mallaka, amma haƙƙin da ƙauye yake da shi a kan tafkin da ke zuwa da damina ya ƙafe da bazara ba ya rubuce a ko'ina, shi ya sa idan aka yi jayayya masunci ne yake rasawa.

Jihar Kebbi tana da darasi a cikin gidanta. A tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968 kuma ya kai har ƙasar Yawuri da Ngaski, wani shiri na haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus da aka fara a 1993 ya gwada sa sarakuna da shugabannin masunta cikin yankan lasisi da kula da ruwa, aka kuma hana jan dala, wato babban tarun da ake ja zuwa gaɓa yana kwashe ƙananan kifaye. Tsarin ya yi tasiri muddin masunta suna ganin hannunsu a ciki, ya kuma yi rauni bayan da kuɗin shirin ya ƙare, abin da ke nuna cewa ba a ɗora wa Sarkin Ruwa nauyi a bar shi ba tare da goyon bayan doka da kasafi ba. Wajibi ne kuma a faɗi cewa sarauta ma tana iya karkata, domin akwai inda ake jinginar da tafkin jama'a ga mai kuɗi ɗaya, don haka duk ikon da za a ba ta sai an haɗa shi da shaidar masuntan da ta matan da ke bandar kifi suna sayarwa, waɗanda ba kasafai ake kiransu taro ba.

Ƙa'idojin kare ƙananan masunta da ƙasashen duniya suka amince da su a 2014 sun sa tabbatar da haƙƙin shiga ruwa a gaba, kuma a Nijeriya maganar gyara ta sake tasowa tun da aka kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a 2023, aka kuma mayar da sashen kula da kifi ƙarƙashinta. Hukumomi sukan ce ƙasar tana buƙatar tan miliyan 3.6 na kifi a shekara amma abin da take samarwa kimanin kashi ɗaya ne cikin uku na hakan, kuma maganin da aka fi ambata shi ne kiwon kifi a kududdufi. Kiwon yana da amfani, sai dai yana buƙatar jari da abincin kifi mai tsada, don haka ba zai maye wa mai homa gurbin tafkinsa ba. Abin da ya fi gaggawa a Jega da Aliero da Maiyama aiki ne da jiha da ƙananan hukumomi za su iya farawa ba tare da jiran Abuja ba, shi ne a bi tafkunan fadama ɗaya bayan ɗaya a rubuta sunayensu da ƙauyukan da ke da haƙƙi a kansu, a yanka musu gefen da garma ba za ta shiga ba, a kuma ba ranakun rufewa da buɗewa da Sarkin Ruwa ya sa ƙarfin da kotu za ta iya aiki da shi.