Saƙon da Ake Rubutawa Domin a Yage: Darasi Daga Yisti

Duk wanda ya yi sammako a Gidan Dahala ya san ƙamshin masa a tanda. Mai masar ta zuba yisti a ƙullu tun da dare, gari na wayewa ta tarar ya kumbura. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan yisti halitta ce mai rai, mai ƙwaya ɗaya tal, kuma a jikinta masana suka koyi da yawa daga abin da suka sani game da jikin ɗan Adam. A 1996 aka kammala karanta kundin gadonta, aka samu ƙwayoyin gado kusan 6,000.

Mai karatu, ka ƙaddara cibiyar ƙwayar halitta fada ce, DNA kuma kundin da ba ya fita daga cikinta. Idan ana bukatar wani furotin, sai wani sinadari mai aikin magatakarda ya kwafo umarnin a 'yar takarda, a aika da ita waje inda ake haɗa furotin. Takardar nan ita ce mRNA, wadda aka tabbatar da samuwarta a 1961. Roger Kornberg ya sami kyautar Nobel a 2006 saboda bayyana yadda magatakardan yake aiki, kuma a yisti ya yi bincikensa.

Takardar ba ta daɗewa. A yisti, yawancin saƙonnin mintoci kawai suke yi kafin wasu sinadarai su yage su. Hikimar a fili take: umarnin da ya gama aiki, in aka bar shi, ɓarna zai yi.

An daɗe ana zaton mai rubutu da mai yagewa ba ruwan wani da wani. Ɗakin binciken Mordechai Choder a Haifa ya nuna cewa sassa biyu na magatakardan, Rpb4 da Rpb7, suna raka saƙon zuwa waje, su taimaka wajen ƙayyade ajalinsa. A 2013 suka ƙara nuna cewa Xrn1, babban mai yagewa, yana komawa fada ya zaburar da sabon rubutu. A wannan shekarar, ayarin Patrick Cramer a Jamus ya gano cewa idan aka rage saurin yagewa, rubutu ma yana raguwa, ta yadda yawan saƙonni ba ya sauyawa sosai. Ashe hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, har a cikin ƙwayar da ido ba ya gani.

To, ina ruwan Bahaushe? A 2021, lokacin da rigakafin korona mai amfani da mRNA ya iso Nijeriya, jita-jita ta bazu cewa zai sauya halittar mutum. Amsar tana cikin bayanin da ya gabata: saƙon ba ya shiga fada, ba ya taɓa kundi, jiki kuma yana yage shi cikin 'yan kwanaki. Amma mu nawa ne muka iya faɗin haka da Hausar da mai masa za ta gane? Mun ga abin da rashin bayani ya jawo a 2003, da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohi.

A matsayina na ɗalibin harshe, ban yarda Hausa ce ta gaza ba. Turawan ma daga harkar rubutu suka aro kalmomin: kwafi, saƙo, fassara. Mu da muka gaji magatakarda da manzanni tun zamanin Shehu, ba mu rasa abin faɗa ba. Abin da ya rage shi ne malaman kimiyya da na Hausa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da takwarorinta su zauna tare su tsayar da kalmomi, kafin wata annobar ta same mu bakinmu a rufe. Allah Ya sa mu dace.