Jar Wuta Ba Ado Ba Ce



Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahaɗar Kawukudi da yamma, ko ranar Laraba da kasuwar Nima ke ci, ya san yadda ake yi. Wutar tirafik ta nuna rawaya, maimakon direba ya rage gudu sai ya ƙara taka mota. Ta koma ja, motoci biyu ko uku su bi bayansa kamar ba su gani ba. Wasu masu okada kuwa, Allah ya kyauta, sun ɗauka wutar ta masu ƙafa huɗu ce kawai.

Aikin wutar shi ne rabon lokaci. Mahaɗa ɗaya ce, hanyoyi huɗu ke son ta, to sai a ba kowace hanya nata. Rawaya na nufin ka tsaya, sai dai in ka riga ka kai bakin layi har birki zai jawo haɗari. Tsakanin jar wannan ɓangare da koren wancan akwai 'yan daƙiƙu da aka bari don tsakiyar mahaɗa ta zama fili. Wanda ya kutsa a ja waɗannan daƙiƙun ya ci, kuma a cikinsu ne tsohuwa mai kaya a kai ko yaro ɗan makaranta ke sa ƙafa a titi, don ya ga motoci sun tsaya.

Akwai wani hali da ya fi ba ni haushi. Direba ya ga kore, amma gabansa a cike yake, duk da haka ya shiga ya tsaya a tsakiya. Wuta ta juya, waɗanda rabonsu ya zo babu wurin wucewa. Shi bai tafi ba, ya hana wasu tafiya. Haka trotro ke yi in meti ya hango fasinja: ana wuce wuta sai a taka birki nan take, layin baya duka ya tsaya. A hanyar kasuwar Agbogbloshie abin ya fi tsanani, don ga manyan motocin doya, ga aboboya, ga kayayo da kwano a kai, kowa na neman taku ɗaya.

Sai maganar hon. Kore bai gama kamawa ba, na baya ya fara "pim pim", har da zagi ta taga. Na gaba ya firgita ya tashi da sauri bai duba ko wani na tsallakawa ba.

Doka dai tana nan. Akwai dokar hanya ta 2004, Act 683, da ƙa'idojin 2012, L.I. 2180, kuma 'yan sandan MTTD ke kula da su. Ran da aka ga ɗan sanda a tsaye, kowa ya iya tsayawa a bayan layi. Ashe an san dokar. Malamanmu sun karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kame cuta daga mutane na cikin haƙƙin. Ba a ce sai ɗan sanda na kallo ba.

Mu fasinjoji ma da namu. Mu ne ke cewa "Direba, wuce mana, babu kowa!" in mun makara. In wuta ta mutu saboda dumsor, samarin unguwa kan fito su tsaya a rana suna ba da hannu, kuma sau da yawa direbobi sun fi jin maganarsu a kan ta fitilar.